Hutu a Gaɓar Tekun Ghana: Shawarwarin Waɗanda Suka Je

Da aka tattauna kan zuwa hutu Cape Coast da Elmina, bakin yawancin waɗanda suka taɓa zuwa ya zo ɗaya: kada a yi zuwa da dawowa rana guda daga Accra. Tafiyar kusan kilomita 150 ce, amma cunkoson motoci na Kasoa, garin da ke kan hanya daga fita Accra, kaɗai ya isa ya cinye maka safiya. A yi sammako, a kwana biyu.

Ganuwar Elmina, wato tsohon ginin Turawa da aka riƙa tsare bayi a ciki, ita aka fi daɗewa ana magana a kanta. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ta koma hannun Ingila a 1872. Shawarar ita ce a bi ɗan jagora, don shi zai kai ka kurkukun bayi na ƙarƙashi, da 'yar ƙofar nan da aka riƙa fitar da su zuwa jirgi, wadda sai mutum ya sunkuya. Wasu sun ce kada a haɗa ta da ganuwar Cape Coast rana ɗaya, abin ya yi wa zuciya nauyi. Ni ma ra'ayina ke nan.

Batun wanka kuwa, an ja kunne sosai. Igiyar ruwan tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki, balle wanda a kogi ya koyi iyo. A tambayi masunta tukuna. Ranar Talata ba sa fita kamun kifi, mai son ganin hada-hadar kwale-kwale ya zaɓi wata rana.

A guji Mayu da Yuni saboda ruwan sama, a riƙe katin rigakafin cutar shawara. Abincin halal da masallaci kuma, a tambayi hanyar zango, Hausa za a yi maka.