Abin da muka tattauna kan kula da inji a wasan jiragen yaƙi

Ƴan'uwa masu tuƙin jirgi a kwamfuta nan Damagaram, ga abin da na tattaro daga doguwar mahawararmu.

1. Kowa ya yarda zafi ne ajalin inji. Injin Merlin na Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, ruwa ke sanyaya shi, in ka daɗe tsaye a fili sai ya tafasa tun ba ka tashi ba. Ido kan agogon ruwa da na baƙin mai, a buɗe lagireto wajen hawa.

2. In za a ƙara wuta, a fara ɗaga juyin farfela sannan totur. In za a rage, totur tukuna.

3. Spitfire ta 1940 kafireto gare ta, in aka kifa hancinta da ƙarfi inji ya kan shaƙe. Bf 109 ta Jamus kuwa kai tsaye ake fesa wa injinta mai, ba ruwanta da wannan. Duk mun so wasa ya nuna hakan.

4. Nan aka rabu. Takardun matuƙa Spitfire sun ba da minti 5 na cikakken ƙarfi lokacin artabu. Wasu sun ce daidai ne inji ya mutu a wasan in an wuce, don mutum ya koyi tattali. Wasu sun ce an sa iyakar ne don inji ya yi ƙarko, ba agogon mutuwa ba ce. Ni dai ina tare da na biyu, lalacewar ta riƙa zuwa sannu a hankali.

5. Sabon shiga ya fara da Fw 190 ta Jamus, liba ɗaya ke daidaita mai da farfela.