Neman kalma: me za mu kira abin da ƙwayar cuta ta sauka a kansa?

Mai fassara, Arkilla:
Salamu alaikum jama'a. Ina fassara takardar faɗakarwa kan tsaftar kayan cefane, sai na ci karo da kalmar likitoci ta fomite, na rasa yadda zan yi da ita. Ana nufin duk wani abu marar rai da ƙwayar cuta za ta sauka a kansa, wani ya taɓa, ya kai hannu hanci ko baki ko ido. Kamar mariƙin ƙofa, ko waya, ko buta, ko takardar kuɗi, ko ledar da aka ƙulla maka tumatir a Ramin Kura. Sauro ba ya ciki, tunda yana da rai. Na sa "maɗaukin cuta", amma hankalina bai kwanta ba.

Ma'aikaciyar jinya, Mabera:
Malam, cire maɗauki. A wurin aiki in muka ce wane yana ɗauke da cuta, mutum muke nufi, wanda abin ke jikinsa ko da bai kwanta ba. Mai karatu zai fara waiwayen maƙwabcinsa, ya manta da mariƙin ƙofa. Ya ka ga "matattarar cuta"?

Malamin kimiyya, Runjin Sambo:
Hajiya, a yi mini afuwa, matattara ta fi maɗauki haɗari. Matattara wuri ne da abu ke taruwa yana ƙaruwa, kamar kwata. Shi kuwa bairus, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo korona, ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Da zarar ya faɗa kan leda ko ƙarfe, raguwa kawai yake yi. A watan Maris na 2020 masu bincike a Amurka suka gwada na korona: ya kai awa 72 a kan roba da ƙarfen da ba ya tsatsa, awa 24 a kan kwali, awa 4 kacal a kan jan ƙarfe. Wannan awa 72 ce ta tsorata duniya, alhali a kan roba kusan duk bayan awa 7 rabinsa ke lalacewa. Abin da ya rage a kwana na uku ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Wani gwajin da aka yi a Ostareliya a shekarar ya samu kwana 28 a kan gilashi da takardun kuɗi, amma a cikin duhu, a sanyin digiri 20. Da suka kai zafin digiri 40, a kan wasu abubuwan ko kwana ɗaya bai cika ba. To ku tuna yadda ranar Sakkwato take a watan Afrilu. Don haka duk kalmar da za mu zaɓa, dole ta nuna zaman na wucin gadi ne.

Af, asalin kalmar fomite daga Latin ne, tana nufin busasshen abin da ake kama wuta da shi. Wani likitan Italiya, Fracastoro, ya yi amfani da ita tun 1546. Na so in ce "makamashin cuta", sai na tuna yanzu in ka ce makamashi, wutar lantarki da man fetur mutane ke ji.

Wani dattijo, Gidan Igwai:
Ɗiyana, mi ag gardama ciki? Abin ga da malamin ga yaf faɗi, zango na. Fatake in sun taso za su Gwanja sayen goro, sai su yada zango, su kwan ɗaya ko biyu, su wuce. Ba su gina gida nan, ba su aihuwa nan. Wanda ya ishe su, ya gamu da su. Wanda yaz zaka bayan sun tashi, toka da kashin jakkai kaɗai zai ishe. Ku ce zangon cuta ku huta.

Mai fassara:
Allah shi ja da ran Baba. Wallahi ta shige ni.

Ɗalibar Hausa a jami'a:
Baba, da girman kujerarka, ina da 'yar ƙaramar magana. Yau zango ya zama na karatu, zango na ɗaya, zango na biyu. In aka ce zangon cuta, wani zai ɗauka matakin da ciwo ya kai ake nufi. Na yi tunanin "masauki", sai na ga ya kamata mu bar wa jikin mutum ko dabba wannan, tunda shi ne mai masaukin da ke ciyar da baƙon. Gara a ce "zangon ƙwayar cuta". Amma don Allah kar wani ya gajarta ya ce zangon ƙwaya, sai a zo neman masu shaye-shaye. Jam'i kuma zanguna, kamar yadda aka saba.

Mai shagon kayan masarufi, Tsohuwar Kasuwa:
Ku dai ku yi ta nahawunku. Ni tambayata, gwangwanin madara da ledar taliya da na jera, in riƙa fesa musu bilic ko kuwa? Lokacin korona akwai wadda ta sa na goge mata kowane kati na maggi kafin ta karɓa.

Ma'aikaciyar jinya:
Alhaji, kar ka wahalar da kanka. A watan Afrilu na 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a taɓa gurɓataccen abu a kamu da korona, bai kai sau 1 cikin 10,000 ba. Numfashi ne babbar hanyarta. Kuma bilic ko sabulu a kan tumatir da latas cuta ce ta daban, don suna iya shiga cikin abin, ka ci, cikinka ya ɓaci. Ruwa mai tsafta, mai gudana, a murza da hannu, ya wadatar. Gwangwani in ya yi ƙura a goge da ɗanyen tsumma.

Sai dai ba a taru an zama ɗaya ba. Bairus na korona da na murar infuluwenza suna da rigar kitse, sabulu na narkar da ita. Masu kawo amai da gudawa irin norobairus ba su da wannan rigar, suna iya yin kwanaki har makonni a kan abu, kuma man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya yi musu sosai. Nan ne bilic ke da aiki: a bayan gida, da daɓen da marar lafiya ya yi amai. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a shago ma ɓera ne, don zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa yake shiga hatsi da garin da aka bari a buɗe. Rufe buhunanka, Alhaji.

Mai fassara:
To ga yadda na rubuta: "Kuɗi da leda da mariƙin ƙofa zangunan ƙwayar cuta ne. In ka dawo daga cefane, wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ka taɓa abinci ko fuska." Akwai gyara?

Dattijo:
Cire daƙiƙa 20, wa ka duba agogo gun wankin hannu? Ka ce shi murza har tsakanin yatsu da ƙarƙashin akaihu.

Ma'aikaciyar jinya:
A bar duka biyun, Baba. Masu agogo su ƙirga, sauran su bi taka.