Me ya sa 'yan gida suka fi kwasar maki a jimnastik na jami'o'in Amurka?

Bilkisu:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu bin gasar jimnastik ta mata ta jami'o'in Amurka, wadda hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ke shiryawa. Sau da yawa ƙungiya takan ci maki mai tsoka a gidanta, bayan mako guda ta je waje da 'yan wasan nan dai, sai a ga ta sauko da rabin maki ko fiye. Alƙalai ne ke yi wa 'yan gida alfarma, ko tsarin ne ya zo da haka? Tunda da maki ake jera ƙungiyoyi, ba da yawan nasara ba, yaya ake gwada makin da aka bayar a Utah da wanda aka bayar a Florida?

Malam Sadisu:
Wa alaikumus salam, Malama Bilkisu. Kafin a kama alƙali da laifi, sai an san yadda ake haɗa makin. Wasanni huɗu ne: tsallaken teburi, sanduna biyu, katako da fili. A kowanne ƙungiya tana sa 'yan wasa shida, a jefar da makin da ya fi ƙanƙanta, a tara biyar. Ke nan maki ashirin ke shiga lissafi, ƙololuwarsu 200.

A gasar mako-mako alƙalai biyu ne kacal a kan kowane wasa, a haɗa abin da suka bayar a raba biyu. Kowannensu yana hawa ne da 0.05: 9.80, 9.85, 9.90. Shi ya sa in kika ga 9.975 a allo, ɗaya ya ba da 10, ɗaya 9.95. To yi wannan lissafin. Alƙali ɗaya cikin biyun ya kau da kai daga kuskure guda na 0.05, makin yarinya ya tashi da 0.025. A yi haka sau ashirin, ƙungiya ta samu 0.5 a ɓagas. Faɗuwa daga kan katako ma 0.5 ake zaftarewa. Ba sai an yi maguɗin da ido zai gani ba, ɗan sassaucin da shi kansa alƙalin bai san ya yi ba ya isa ya raba gardama.

Ƙofar sassaucin kuwa tana cikin dokar kanta, don yawancin ragi da "har zuwa" aka rubuta shi. Rabuwar ƙafafu a iska har zuwa 0.2, lanƙwasa gwiwa har zuwa 0.3, ɗan taku wajen dira har zuwa 0.1. A sanduna, tsayuwa da hannu in ta kauce wa miƙewa da abin da bai wuce digiri 10 ba, babu ragi. Wa zai auna digiri 10 da digiri 13 da ido cikin ƙiftawa? Haka ware ƙafa a tsalle, ana son digiri 180 cif. Sannan alƙali a gefe yake zaune. Rabuwar ƙafafu a tsallaken teburi ta fi fitowa ga kyamarar da ke ƙarshen hanyar gudu, sai mai kallo a gida ya ga abin da alƙali bai gani ba ya hau zagi.

A gasar shiyya alƙalai huɗu ne, a ta ƙasa shida, kuma a duka biyun ana jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta. Mai sakin hannu guda ɗaya ba ya iya jan maki a can. Inda su biyu ne, rabin makin a hannunsa yake.

Hajiya Rabi:
Malam ya kawo lissafi, bari in ƙara da tsarin zagaye, don a nan ne 'yan gida suka fi cin riba kuma ba a cika lura ba. Mai gida yana farawa da tsallaken teburi, sai sanduna, sai katako, ya rufe da fili. Baƙo yana farawa da sanduna, sai tsallake, sai fili, ya rufe da katako. Wato a zagayen ƙarshe baƙuwa tana kan katako mai faɗin santimita 10, tana neman natsuwa, a gefe kuma kiɗan 'yar gida na tashi, jama'a na ihu suna ɗaga yatsu goma. A zauren Huntsman na Utah wannan jama'ar takan kai dubu 15. Fili kuma dama shi ne wasan da maki ya fi hawa a cikinsa.

Ƙara da cewa maki kan hau daga 'yar wasa ta farko zuwa ta shida. Kociyoyi sun san haka, shi ya sa suke ajiye gwanarsu a ƙarshe. In alƙali ya ba ta farko 9.90, ta uku ta fi ta, sai 9.95, to ta shida da ta fi su duka me ya rage a ba ta? Ya ƙure wa kansa hanya tun farko. Yawancin goman da ake cece-kuce a kansu daga nan suke fitowa, ba daga wasan yarinyar da aka ba wa ba.

Batun kuɗi ma yana nan. Ƙungiyar alƙalai ta NAWGJ ce ke rarraba su ta tsarin da ake kira JAS, makaranta ba ta zaɓar suna. Amma mai masauki ne ke biyan kuɗin aiki da na tafiya. Makarantar da ba ta da ƙarfin sayen tikitin jirgi, alƙalan kusa da za su zo da mota take samu, fuskokin nan dai su yi ta dawowa, su saba da wasan 'yan gida har kuskuren da yarinya ta saba yi ya daina tsone musu ido. Masu cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski sun ɗan wuce gona da iri a ganina, amma tsarin da mai gasa ke biyan mai hukunci ba zai rabu da zargi ba.

Kada dai a ɗora wa alƙalai komai. Wani ɓangaren tazarar ta gaskiya ce. 'Yar gida ta san taushin sandarta, ƙarfin allon tsalle, yadda fili ke mayar da ita sama, da inda fitila take. Baƙuwa 'yan mintoci take samu ta gwada kayan, bayan doguwar tafiya. In dira ta goce da taku guda saboda haka, ragin halal ne.

Auwalu:
Hajiya, a yi mini afuwa, ni ina ganin batun gida da waje ba shi ne babban ciwon ba. Tsarin jera ƙungiyoyi na NQS da aka yi amfani da shi har kakar 2025 ya riga ya rage masa kaifi: a ɗauki manyan maki shida na ƙungiya, dole aƙalla uku na waje ne, a jefar da mafi girma, a fitar da matsakaicin biyar. Da shi aka riƙa fitar da ƙungiyoyi 36 masu zuwa gasar shiyya. Sai dai gasar da aka yi a wurin da ba gidan kowa ba, ita ma a waje ake lissafa ta. Ku tuna Tennessee Collegiate Classic a Janairun 2024, inda jami'ar Ball State ta haura 198 kuma ƙungiyoyi da dama suka karya tarihinsu a dare guda. Babu mai gida a wurin, alƙalan ne suka saki hannu ga kowa. Wanda ya cutu shi ne wanda ya yi wasa a wata jiha a gaban masu tsauri.

Asalin matsalar ƙuncin ma'auni ne. Gasar duniya ta bar tsarin goma tun 2006, ta raba makin wahala da na tsabtar aiki. Jami'o'i sun riƙe goma don 'yan kallo suna son ta. A sanduna, katako da fili ana farawa daga 9.4, a cike 0.6 da ƙarin maki na wahala da haɗa motsi, kuma kusan duk 'yar babbar ƙungiya tana cikewa. Sai ya zama gwanaye duk sun cunkushe tsakanin 9.80 da 10, matakai biyar kacal. An ɗan taɓa gyarawa a 2016, lokacin da aka sauke salon tsallaken teburi na Yurchenko mai juyi ɗaya daga 10 zuwa 9.95, amma sauran wasannin suna nan a cunkushe.

Kuma maki mai yawa a gida ba koyaushe ne kumfa ba. Oklahoma ta ci 198.950 a gidanta na Norman a gasar rukunin jami'o'i na Big 12 ta 2024, ta kafa tarihi, bayan wata guda ta yi ta tuntuɓe a tsallaken teburi a gasar ƙasa a Fort Worth ta kasa kai wasan ƙarshe, jami'ar LSU ta ɗauki kofi. Masu cewa makin gida ne ya ruɗe ta sun manta ita ce ta ci kofin 2022 da 2023, ta sake ɗauka a 2025, duk a gaban alƙalai shida.

Bilkisu:
Na gode ƙwarai. To koci ba shi da damar ƙorafi ne in ya ga an cuci 'yar wasansa? Kuma mai kallo ta yaya zai gane alfarma ce ko ƙwarewa?

Malam Sadisu:
Yana da dama, amma taƙaitacciya. Zai iya shigar da takarda kan makin farawa, kan ko an cika sharuɗɗan wasa, ko kan ragi irin na fita daga layin fili, wanda 0.1 ne. Ba zai iya ja da ragin tsabtar aiki ba, alhali a nan rigimar take. Haka in tazarar alƙalan biyu ta wuce ƙa'ida sukan zauna su daidaita, amma in duka biyun suka saki hannu tare, babu abin da zai tsayar da su. Daga kakar 2025 ƙungiyar kociyoyi ta WCGA ta kafa kwamitin da ke sake duba wasanni ta bidiyo don auna alƙalai, kuma yawan goma ya ragu sosai a shekarar.

Gwajin da za ki iya yi, Malama: buɗe shafin intanet na Road to Nationals mai tara makin gasanni, ki duba makin baƙi a wannan gasar, ki gwada da abin da suka saba ci a waje. In su ma sun tashi, alƙalan ne masu sakin hannu, ba son gida ba. In 'yan gida kaɗai suka tashi, ki raba makin wasa-wasa. Tashi a sanduna da tsallake yawanci sabo da kaya ne. Tashi a fili a zagaye na huɗu, musamman daga ta huɗu zuwa ta shida, shi ne wurin zargi. Sai ki kalli dira kawai a bidiyo: ƙafa ta motsa, ko ƙirji ya sunkuya, amma aka ba da 10, an bar mata aƙalla 0.05.