Jatan lande zai taimaka wa mai karɓar kemo?

Maman Khairat:
Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Mamanmu ce ke karɓar kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) na kansar mama, ta rame sosai, ko cokali uku na tuwo ba ta iya gamawa sai ta ture kwanon. Ƙanina ya ce ya karanta an gwada furotin ɗin kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo) a kan ɓeraye kuma ya yi amfani, to shi ne nake tunanin in dinga zuba mata jatan lande a miya da yawa tunda shi ma abincin ruwa ne, ya kuka gani?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Eh an yi irin wannan bincike, yawanci a China, ana ba ɓeraye maganin kemo mai suna cyclophosphamide wanda ke karya garkuwar jiki sannan a ba su furotin da aka tace daga kawa, wasu sun nuna garkuwar ta ɗan farfaɗo. Amma ɓera ne fa 'yar uwa, kuma abin tatacce ne aka auna, ba garin kirafish na kasuwa ba.

Anti Nas:
Ni dai abin da ya fi damuna ɗanye, wallahi kar ki bari ta ci ɗanyen abincin ruwa, kemo na rage fararen ƙwayoyin jini, ƙwayar cuta kaɗan sai ta kwantar da ita. Ki dafa ya dahu sosai, in tana ƙaiƙayi ko kumburi in ta ci to ki bar shi gaba ɗaya. Ƙwai, wake, kifi, nono duk furotin ne, kaɗan-kaɗan sau biyar shida a rana.

Maman Khairat:
Na gode Anti, ranar Talata muna da asibiti zan tambayi likitanta tukuna.