Kai yara mahaƙar kwal: ilimi ne ko ganganci?

Maman Uku: Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake. Ni da maigida muka kai yara ziyarar ilimi wata mahaƙar gawayi da ake aiki a cikinta. Tun a bakin ƙofa aka karɓe wayoyinmu saboda iskar methane mai kama wuta, aka ba mu hular kwano mai fitila. Autan ba a bar shi ya sauka ba, a sama ya tsaya da babansa suna kallon bel ɗin da ke fito da kaya. Babbar tawa har yau zancen kanari take yi, tsuntsun da mahaƙa a Birtaniya suke shiga rami da shi, in ya faɗi sun san iska mai guba ta taru. Sai a 1986 aka daina. Amma yayar maigidana ta bi dangi tana cewa na yi ganganci da 'ya'yan ƙaninta. Don Allah ku gaya min gaskiya, ganganci na yi?

Malamin Kimiyya: Wa'alaikumussalam Hajiya. Gyara kaɗan: ba a haƙo gawayi. Kwal kuka gani. Gawayi itace ne da aka ƙone a rufe cikin 'yan kwanaki. Kwal kuwa tsirrai ne da ƙasa ta danne, wani ma ya haura shekara miliyan 300.

Ɗan Gargajiya: Malam, "kwal" ai Turanci ne. Baƙi ne, yana cin wuta, yana zama garwashi. Gawayin ƙasa ne, Hajiya ba ta yi kuskure ba.

Malamin Kimiyya: To mota da tebur da asibiti fa? Ka daina faɗinsu mu gani.

Ɗan Gargajiya: Inda muke da tamu kalmar ba a zuwa aro. Ku 'yan boko kullum sai kun raina harshen iyayenku.

Kawu: Ni miliyan 300 ɗin nan ce ta tsaya min a wuya. Wa ya zauna ya ƙirga?

Anti Babba: Ku bar surutu. Yayar da ake magana aminiyata ce, kuma ba ta faɗin abu don ƙiyayya. Ku tuna Aberfan a Birtaniya, 1966: mutum 144 suka mutu, 116 daga ciki yara ne. Wurin kwal ba wurin yaro ba ne.

Injiniya: Anti, da girmanki, waɗancan yaran yawancinsu a makaranta suke. Tulin sharar mahaƙa da aka tara a kan tudu ne ya jiƙe ya zame ya rufta musu. Ba ziyara suka je ba.

Anti Babba: Ka ga kenan ko ba ka shiga ba bai ƙyale ka ba. Kuma ba sa'arka ba ce ni da za ka riƙa yi min gyara a cikin jama'a.

Ɗan Gargajiya: Injiniya, kai da kake aikin, rantse ba ka taɓa jin an ce gawayi ba.

Injiniya: Na ji. Amma in ka zuba gawayin itace a tashar lantarkin da aka gina don kwal, za ka gane bambancin.

Kawu: Har yanzu ba a ba ni amsar ƙirgen ba.

Malamin Kimiyya: Kawu, ana auna shekarun duwatsun da ke sama da ƙasan kwal ɗin ne ta sinadaran da ke cikinsu. Ba zan iya koya maka darasin zango guda a nan ba.

Kawu: Wato ni jahili ne?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, na rufe. Taƙaitawa: Malam ya kawo hujja ta ilimi cewa kwal ne sunan abin, Injiniya ya tabbatar. Ɗan Gargajiya bai kawo komai ba sai zafin rai da zagin 'yan boko, ya kiyaye gaba. Kawu da Anti, a yi haƙuri. Daga yau a zauren nan kwal za a rubuta.

Maman Uku: Shugaba, tambayata fa? Gobe yayar za ta zo gidan, kuma har yanzu ban san abin da zan ce mata ba.