Tsohon bargo zai iya zama a madadin faiba a cikin duvet?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu ɗinki, dan Allah shawara nake nema. Ina da ragowar ƙyallayen atamfa da na tara tun ɗinkin sallah sun kusa cika buhu, so nake in harhaɗa su in yi wa yara abin rufa irin duvet ɗin nan kafin sanyi ya shigo, toh da na je tambayar faiba, audugar robar nan da ake cusawa a ciki, kuɗin da aka faɗa min wlh ya fi ƙarfina a yanzu. Sai na tuna ina da tsofaffin barguna biyu a ajiye, ɗaya irin mai laushin nan ne mai gashi da hoton damisa, ɗayan kuma siriri ne mai kaushi irin wanda ƴan makarantar kwana ke tafiya da shi. Zai yiwu in saka bargo a tsakiya maimakon faiba? Kuma kekena Butterfly ne mai ƙafa, zai ja kuwa?

Anti_Mai_Zanin_Gado:
Wa alaikumus salam. Zai yiwu sosai ƙanwata, amma siririn nan mai kaushi za ki ɗauka, ki bar mai damisar. Shi mai gashin yana da santsi kuma yana miƙewa, kina ɗinki yana zamewa a ƙarƙashi, kafin ki kai ƙarshen layi atamfar ta tattare ta yi jaka jaka, ga nauyi, ranar da kika jiƙa shi sai kin nemi mai kama miki matsa.

Abu na farko ki wanke bargon kafin ki sa masa almakashi, in da hali da ruwan zafi, ki shanya a rana ya bushe ƙarau. In ulu ne yana tsukewa a wanki, gara ya gama tsukewarsa tun yana shi kaɗai, in kika bari sai kin ɗinke to shi zai ja ciki ya bar atamfa da yawa a waje, duk aikin ya karkace. Ki kuma kula da ruwan wankin, in yana zuba kada ki haɗa shi da yadi mai haske. Ita ma atamfar ki wanke ta don sitacin ya fita. Sai ki yanke kalmasar bakin bargon gaba ɗaya sbd nan ne ya fi kauri kuma nan ne allura ke karyewa, in akwai inda ya huje ki ɗora ɗan ƙyalle ki kama da hannu, babu mai gani tunda ciki zai shige.

Kuma ni a ganina bargo ya fi faiba ta wani ɓangaren, faiba mai araha in an sha wanki sai ta dunƙule gefe guda wani wajen ya zama fayau, shi kuwa bargo saƙaƙƙe ne a haɗe yake, ba ya zuwa ko'ina, shi ya sa ba sai kin yi ta bin sa da layuka kusa da kusa ba.

Tela_Jos:
Hajiya abin da Anti ta faɗa haka yake. Maganar keke zan ƙara. Butterfly zai ja in bargon siriri ne, ki sa allura lamba 16 ko 18, ki buɗe tsawon ɗinkin ya yi faɗi, sannan ki ɗan sassauta sukurun nan na saman kan keke da yake danne ƙafar da ke taka yadi, in ya danne da yawa yadin sama zai riƙa gudu ya bar na ƙasa. Ki shimfiɗa ukun a ƙasa kan siminti ko leda, shafi a ƙasa bargo a tsakiya atamfa a sama, ki kama su da fin ko manyan ɗinkin hannu, sannan ki fara daga tsakiya kina fita gefe, kada ki fara daga baki. Ki bar bargon da shafin su ɗara atamfar da kamar inci 2 kowane gefe, sai kin gama ki daidaita.

Inda zan ɗan saɓa da Anti shi ne ba zai yi tashi da laushin faiba ba, a kwance zai fito, don haka in na kwastoma ne a gaya masa abin da ke ciki tun farko. Amma wajen ɗumi kam mu nan Jos mun san darajar bargon ulu a Disamba da Janairu.

Gwaggo_Kano:
Ƴata in keken ya ƙi ki yi da hannu. Babbar allura da zaren saƙa, ki soka ki fito ki ƙulla sau biyu ki yanke, tazarar tafin hannu tsakanin ƙulli da ƙulli, kina hira kina yi. Ai irin wannan ɗinki na cusa abu tsakanin yadi biyu ba baƙo ba ne a wajenmu, ki dubi lifidin da ake sa wa dawaki a hawan Daushe, auduga ce a ciki aka bi ta da ɗinki. Roƙona ɗaya, kada ki rufa wa jariri shi, yana da nauyi zai iya rufe masa fuska. In kuma za ki ƙaro bargo daga gwanjo a Ƙofar Wambai ki duba kalmasar da kyau sbd kuɗin cizo, ki zuba masa tafasasshen ruwa kafin ya shiga ɗaki.

Maman_Biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Gwaggo yaran sun girma duk suna makaranta. Anti siririn bai kai faɗin gadon ba, zan iya yanko na damisar in ƙara a gefe?

Anti_Mai_Zanin_Gado:
A'a kada ki haɗa su, kaurinsu ba ɗaya ba ne kuma a wanki ɗaya zai tsuke ɗaya ba zai tsuke ba. Ki yi shi daidai girman bargon na yaro ɗaya, in kuma kin samu wani irinsa ki jera baki da baki ki kama da hannu, kada ki ɗora ɗaya kan ɗaya zai yi tudu a tsakiya.