Kullum muna yankar rasit a kasuwa, to yashe magudanar ruwa aikin wa ne?

Mai Albasa

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne a wani gari a nan jihar Kebbi, shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da albasa a rumfa ɗaya. Ba zan ambaci sunan garin ba, domin ba tozarta kowa na zo yi ba, amsa nake nema.

A watan Agustan da ya wuce na kwaso buhu goma sha huɗu daga rudu na kawo rumfa, don washegari ce ranar kasuwa kuma farashi ya fara ɗagawa. Bayan sallar isha'i aka kece da ruwa. Akwai lambatu a bayan layinmu, wanda ya kamata ya kwashi ruwan ya kai shi kwalbatin bakin titi, amma ya daɗe da cika da yashi da ledar ruwa da robobin lemo da ɓawon rake. Da asuba na iske ruwa a rumfa har ƙauri. Wanda ya san albasa ya san ba ta shiri da danshi. Kwana uku ni da yarana muna baza ta muna tsincewa, buhu biyar muka fitar, sauran ta ruɓe, warinta ya hana maƙwabta zama.

Kowace ranar kasuwa yaro yana zuwa da littafin rasit, muna biya ba gardama. Na tambaye shi, ya ce shi karɓa kawai aka sa shi. Na sami kansilanmu, ya ce magudanar ruwa aikin gwamnatin jiha ne. Na je sakatariya sau biyu ban sami wanda zan yi wa bayani ba. Don Allah masu sani, a doka wa ke da alhakin wannan aiki? Kuma me ƙaramar hukuma ke iya yi a kan tsabtar gari da kare muhalli, wanda za mu nema mu san ba mu wuce gona da iri ba?

Tsohon Duba-gari

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Asarar buhu tara ba ƙarama ba ce.

Na yi aikin duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, don haka zan faɗa maka abin da na sani. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya jera ayyukan ƙaramar hukuma da sunansu. A ciki akwai ginawa da kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da makewayin jama'a, da maƙabartu. Akwai tituna na cikin gari da magudanan ruwa da wuraren shan iska. Akwai kuma kwashe shara da ƙazanta. Lambatun da ke cikin kasuwar da ƙaramar hukuma ke karɓar kuɗinta, nata ne. Babban titin jiha ko na tarayya da kwalbatinsa, wannan wata magana ce, wataƙila nan kansilanku ya fake. Amma ruwan bai isa titi ba ya shiga rumfarka.

A zamaninmu da sassafe muke fita. Mu shiga mayanka kafin a fara fiɗa, mu ga inda jini da tumbi ke zuwa. Mu bi masu abinci. Mu yi sallama a gidaje, a ba mu izini, mu duba rariya da masai, mu leƙa randa ko akwai tsutsar sauro. Wanda rariyarsa ke zuba a hanya mu ba shi takardar gargaɗi da wa'adi, in ya ƙi a kai shi gaban alƙali. Mutane suna jin haushinmu, amma suna gyarawa. Kuma kafin faɗuwar damina, tun watan Mayu, leburorin hukuma sun bi manyan magudanai sun yashe.

Sai dai akwai abin da ya fi leda ɓarna, ba a cika maganarsa ba. Kowane tsohon gari a ƙasar nan yana da kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Nan ruwan gari ke taruwa da damina, ya tsotse a hankali. Ka tuna garinku shekara ashirin baya, ka ƙirga kududdufi nawa ne, ka ƙirga nawa suka rage. An cike su da shara, an yanka fuloti, an yi gini. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka a filayen da ba a ayyana su cikin birni ba, to ita ce ke iya cewa wannan ramin ba na sayarwa ba ne. Ciyaman da ya hana a cike kududdufi ɗaya ya yi wa garinsa aikin da ya fi kwalbati goma, ko da ba wanda zai yaba masa a rediyo.

Ka bambanta ambaliya iri biyu. Irin ta 2020, da gulbi ya cika ya shafe gonakin shinkafa a fadamun Kebbi, ta fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma, iyakarta ta isar da gargaɗi ta nema wa mutane tudu. Amma ruwan sama na dare ɗaya da ya rasa hanyar fita daga kasuwa, wannan sakaci ne.

Shawarata, kada ka sake zuwa kai kaɗai. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyar 'yan kasuwa, Sarkin Kasuwa ya sa hannu, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Ku kai wa hakimi nasa kwafin. Kada ku nemi sabon gini. Ku ce za ku fito aikin gayya ranar kaza, ku nemi tifa ɗaya da shebur da baro, da wurin da aka keɓe na zubar da abin da kuka kwaso. Tifar nan ita ce kan maganar. Na sha ganin matasa sun wuni suna yashe kwata, sun tara laka a gefenta, ba motar kwasa, ruwa na gaba ya mayar da ita inda ta fito.

Uwar Marayu

Baba ya faɗi gaskiya, amma a bar ni in faɗi wadda ba a so. Da hadari ya haɗu za ka ga an aiko yara da kwandon shara su juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina ruwan zai kai ta in ba ƙofar gidan wani ba? Ni a gangare nake, duk sharar unguwar sama a zaurena take kwana. Malam Mai Albasa, ku kanku ɓawon albasar da kuke sharewa da yamma, ina kuke zuba shi?

Mai Albasa

Hajiya, ba zan musa ba. A lambatun muke turawa, mu da masu rake da masu kifi. Bolar da aka tanada tana can ƙarshen kasuwa, ta cika ta tumbatsa tun bara, ba a kwashe ba. Amma wannan bai wanke mu ba.

Malamar Aji Huɗu

Ina koyarwa a wata firamare a Zamfara. Sannu da wannan rashi, Malam. Tunda ka tambayi abin da ƙaramar hukuma ke iya yi ban da shara, ni maganar itatuwa ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Kusan kowace shekara akan yi bikin dashen itace. A kafa rumfa, manya su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Ba a kewaye dashen ba, ba a ɗora wa kowa ban ruwa ba, wani lokaci ma sai damina ta kusa ɗaukewa ake yi. Kafin sati biyu awaki sun gama da shi. Mu a makarantarmu mun roƙi dashen dogon yaro ashirin daga wani ma'aikacin sashen gona na ƙaramar hukuma, mutumin kirki, a kan babur ɗinsa ya kawo mana. Muka dasa a farkon Yuli, muka kewaye kowanne da ƙayar bagaruwa, muka raba wa azuzuwa. Da rani kowane yaro yana zuwa da gorar ruwa ɗaya ta bishiyarsu, ruwan alwalar malamai ma ba ya zubewa a banza. Goma sha uku sun rayu. Yanzu 'yan aji ɗaya a ƙarƙashinsu suke karatu idan ɗaki ya yi zafi, kuma iskar bazara ta daina ɗaga mana kwano ta wannan gefen.

Abin da nake so in ce, wurin rainon dashe ba ya cin kuɗi mai yawa. Rijiya, da leda, da taki, da mutum biyu masu kula. Kowace ƙaramar hukuma tana iya riƙe guda, ta raba wa makarantu da masallatai da maƙabartu, inda akwai mai tsaro. Kebbi da Zamfara duk suna cikin jihohi goma sha ɗaya na shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada, amma shirin tarayya ba zai san wace makaranta ce ke da rijiya ba. Kansila ya sani.

Sannan a dubi sara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa sun koma gawayi da ice, kirya da marke suna ƙarewa. Ba na ganin laifin mace mai neman abin dafa wa yaranta. Amma maƙwabtanmu na Maraɗi tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gona lokacin sassabe, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su rage sauran, sabara da kalgo da gawo su tashi da kansu ba tare da an dasa ba. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki. Malaman gona na ƙaramar hukuma da masu unguwanni sun isa su yaɗa wannan, ba sai an jira kwangila ba.

Ɗan Yammacin Zamfara

Malama, Allah ya saka. Ni idan aka ce muhalli, ba shara ko itace ke fara zuwa mini ba, 2010 nake tunawa. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma da Bagega, mutane suna kawo duwatsun zinari cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su a inji, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai dalma a ciki. Yara suka riƙa suma suna mutuwa, aka ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, sai da likitocin MSF, ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, suka lura, aka auna jini. Kimanin yara 400 suka rasu. Maganin bai yiwu ba sai da aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje, aka kai ta rami aka binne, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa, domin in an ba yaro magani ya koma cikin ƙurar, aikin banza ne. Bagega sai 2013 aka kai ga share ta.

Haƙar ma'adinai ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma, ta tarayya ce. Amma wa ke da ma'aikacin lafiya a ƙauye, wanda zai ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa ya kai rahoto da wuri? Wa zai zauna da dagaci a sa dokar cewa ba a niƙa dutse a cikin gari, kuma mai aikin ya wanke jiki ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa? Irin aikin da Baba ya ce suna yi ne, shiga gida da duba tsakar gida. Yau kuma ga matsalar tsaro, akwai ƙauyukan da ma'aikaci ba ya iya kwana.

A kan kuɗi, Malam Mai Albasa, idan aka ce maka babu, ka tuna a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, gaskiya ne. Amma kuɗin rasit ɗinku ba daga Abuja yake zuwa ba, a hannunku ake karɓa. Ku rumfa nawa ne, nawa kowa ke biya, sau nawa kasuwa ke ci a wata? Ku lissafa ku rubuta adadin a cikin takardar, kusa da kuɗin hayar tifa na wuni ɗaya.

Tsohon Duba-gari

Wannan lissafin ya yi, ku sa shi. Ku ƙara da neman a kwashe tsohuwar bolar a rana ɗaya da gayyar, in ba haka ba abin da Hajiya ta faɗa zai ci gaba. Kuma ku fara yashewa daga bakin kwalbati ku yo sama, kada ku fara daga layinku.

Mai Albasa

Na gode Baba, na gode Malama da sauran 'yan'uwa. Jiya bayan la'asar na karanta wa mutanen layinmu duk abin da kuka rubuta. Mun je wurin Sarkin Kasuwa, ya yarda zai sa hannu, ya ce a haɗa da mahauta domin tasu kwatar ma a cikin lambatun take zuba. Mun ƙirga rumfa tamanin da shida a ɓangarenmu kaɗai. Wani dattijo mai sayar da igiya ya nuna mana inda kududdufin kasuwa yake a da, yanzu shaguna ne a kai, saura wani ɗan ɓangare ta gabas da ba a gina ba, mun sa shi a takardar. Mun kuma yanka ganga biyu mun ajiye a kan layi don ɓawo, wani mai lambu ya ce zai riƙa kwasa da amalanke yana yin taki.

Litinin za mu kai takardar. Malama, idan dashen dogon yaro ya kai wata nawa ake fitar da shi daga leda? Akwai fili a gaban masallacin kasuwa, kuma ladan ya ce zai riƙa ba shi ruwa.